Silaf ko yatsu? Amsa ga mai koyon jitar bes daga Gusau

Wani matashi daga Gusau ya aiko mini da tambaya. Ya ce wata bakwai ke nan da ya sayi jitar bes ta hannu, mai tsirkiya huɗu, yana bin abokansa kiɗan biki da ɗan aikin situdiyo. Abokan sun ce masa duk wanda bai iya silaf ba, wato dukan tsirkiya da babban yatsa da fincikarta da manuni, ɗan koyo ne har abada. Wani dattijo kuma ya ce masa silaf hayaniya ce kawai. Shi ne yake so ya ji wanne ya fi, silaf ko kaɗawa da yatsu ko da ɗan roban nan da ake ce wa fik, kuma a kan wanne zai zuba ƙarfinsa.

Ƙanena, na gode da wannan tambaya. Na haura shekara 20 ina rataye da bes a nan Birnin Kebbi da kewaye, kuma gardamar nan na tarar da ita, zan kuma bar ta. Ra'ayina dai shi ne ka fara da yatsu, ka daɗe a kansu, ka koyi silaf daga baya. Amma in na bar ka da wannan kawai za ka ɗauka na goyi bayan dattijon ne, alhali shi ma bai faɗi daidai ba. Bari ka ji inda silaf ya samo asali, don amsar tana cikin labarin.

Wanda aka fi danganta wannan salo da shi a kan bes mai lantarki shi ne Larry Graham, baƙar fatar Amurka da aka haifa a 1946, ya tashi a Okland ta jihar Kalifoniya. Yana saurayi yana yi wa mahaifiyarsa kiɗa, ita tana kaɗa fiyano tana waƙa. Da aka wayi gari babu mai ganga a tare da su, daga shi sai ita, sai ya ji kiɗan ya yi fayau. Rashin uwa akan yi uwar ɗaki. Sai ya shiga dukan tsirkiya mai kauri da babban yatsa don ta tsaya a madadin babbar gangar da ake takawa da ƙafa, yana fincikar siririyar tsirkiya da manuni don ta ba da "tas" irin na ƙaramar ganga. Da ya shiga ƙungiyar Sly and the Family Stone ya tafi da abinsa, kuma faifan da suka fitar a ƙarshen 1969 ya kai salon kunnen duniya. Tun kafin shi ma, a shekarun 1920, masu kaɗa babbar bes ta katako da suka fito daga birnin Niyu Olins, irin su Pops Foster da Wellman Braud, suna fincikar tsirkiya ta mari katako, saboda babu amfilifaya a lokacin, ga kakaki da ganguna sun cika wuri. Ka lura, duk sau biyun wata buƙata ce ta haifi abin. Na farko rashin ƙara, na biyu rashin mai ganga.

To yanzu ka dubi inda kake zaune. Kai ɗan Zamfara ne, ƙasar Musa Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru, inda kotso yake magana a gaban sarki. Mu nan Kebbi ba ka zuwa biki ka rasa kalangu. A coci-cocin Zuru za ka tarar da mai ganguna na zamani, ga matan zumunta da tulunsu da kacau-kacau. Duk abin da ya yi mana ƙaranci a ƙasar nan, ganga ba ta ciki. Salon da aka ƙirƙira don cike gurbin makaɗin da ba ya nan, kai za ka shigo da shi wurin da makaɗa uku suke zaune, kowa da makaɗinsa a hannu. Abin da ya kamata ka riƙa tambayar kanka ke nan kafin ka ɗaga babban yatsa: akwai gurbin da babu kowa a ciki, ko kuwa kan wani zan hau?

Ni a aikace na koyi wannan, ba a littafi ba. Shekarun baya an ɗauke mu kiɗan wani biki a Jega, aka haɗa mu da wani tsohon mai kalangu. Lokacin ina ji da kaina, na kwana uku ina haddace wani salon silaf daga kaset ɗin bidiyo. Mawaƙi na fara kirarin uwar amarya, mai kalangu yana amsa masa, sai na sako nawa. Ban yi minti biyu ba tsohon ya sauke makaɗi, ya juyo ya dube ni ya ce, "Yaro, wa ka kiɗi, ni ko kai?" Aka bushe da dariya, ni kuwa kamar ƙasa ta tsage in shige. A ranar na ɗauka tsufa ne da ƙin sabon abu. Sai da na ji kaset ɗin bikin daga baya na gane laifina ne tsantsa. Duk inda kalangun zai faɗi wata kalma, "tas" ɗina ta riga ta faɗa a kai.

Dalilin a fili yake ga mai kunne. Tsirkiyar bes mafi kauri, E, tana girgiza sau 41 a daƙiƙa, A 55, D 73, G 98. In ka kaɗa da yatsu, yawancin ƙarfin sautin yana nan ƙasa, ƙarƙashin kowa, kamar tabarmar da aka shimfiɗa wa baƙi. In ka yi silaf kuwa, tsirkiya tana dukan ƙarafan wuyan jitar, sai ta haifar da wata ƙara mai kaifi can sama, wajen girgiza dubu biyu zuwa dubu biyar, wato unguwar da kaifin bugun makaɗi yake, kuma inda kunne yake tsintar baƙaƙen magana. Waƙar Hausa kuwa magana ce kafin komai. Harshenmu mai karin sauti ne, kalangu yana bin hawa da saukar kalma, jama'a kuma sun zo su ji an ambaci sunan kakansu. Matar da ta buɗe jaka za ta yi liƙi, in ba ta ji sunanta sarai ba saboda ƙarar jitarka, ka jawo wa kowa asara, kuma ba za a sake kiranka ba.

Akwai kuma maganar tafiyar kiɗa. Yawancin darussan silaf da za ka gani a YouTube an gina su ne a kan kiɗan fonk na Amurka, mai raba kowane taku gida huɗu. Kiɗan kalangu da yawa da na bi a bukukuwa uku-uku yake tafiya, yana rangaji. In ka ɗauko abin da ka haddace ka ɗora a kai, sai ka ji kamar an ɗaura wa jaki sirdin doki. Ba wai ba ya yiwuwa ba ne. Mutanen Kamaru sun nuna ana iyawa, don kiɗansu na bikutsi shi ma uku-uku ne, kuma ƙasar ta fitar da manyan masu bes irin su Richard Bona da Etienne Mbappé da Armand Sabal-Lecco. Amma su daga kiɗan gidansu suka gina hannunsu. Mu har yanzu ba mu zauna mun yi wa kalangu da kotso irin wannan aikin ba, kuma in da wani yaro zai ɗauki wannan ya sa a gaba, da ya fi mini daɗi a kan ya zama na dubu da ɗaya a masu kwaikwayon Marcus Miller.

Kada ka ɗauka raina salon nake yi. Marcus Miller ɗin nan da na ambata, wanda ya shirya wa Miles Davis faifai a 1986, in ya sa babban yatsa a kan bes ɗinsa ƙirar Fender Jazz, kowane bugu yana da nauyi da ma'ana, ba gaggawa. Louis Johnson, wanda ya kaɗa bes a manyan faya-fayan Michael Jackson na 1979 da 1982, dukansa kamar saukar aradu. Mark King na ƙungiyar Level 42 a Ingila yana silaf mai tsananin sauri kuma yana waƙa a lokaci guda, abin da har gobe nake mamaki. Victor Wooten ya ƙara wa abin wani mataki, babban yatsansa yana bugu in zai sauka, yana bugu in zai hau. Waɗannan duk gwanaye ne na gaske. Sai dai abin da abokanka ba su gaya maka ba, kowannensu ya iya yatsu ƙwarai, kuma in aka ɗauke su aikin raka mawaƙi, sau da yawa da yatsun suke yi.

Ga kuma ɗaya ɓangaren. James Jamerson, wanda ya kaɗa bes a ɗimbin waƙoƙin kamfanin Motown a Ditroit cikin shekarun 1960, da yatsa ɗaya tak yake kaɗawa, manuni, a kan Fender Precision mai tsofaffin tsirkiyu masu santsi da ba ya canzawa sai sun tsinke. Jaco Pastorius, da ya girgiza duniyar bes da faifansa na 1976, da yatsu biyu ya yi suna, a kan jitar da aka cire wa ƙarafan wuya. Aston Barrett na ƙungiyar Bob Marley, wanda bes ɗinsa ce ginshiƙin rege, yatsu ne da sauti mai duhu. Carol Kaye ta yi dubban ayyukan situdiyo a Los Anjalas da fik. In wanda bai yi silaf ba ɗan koyo ne, to ka ga jerin 'yan koyon da za ka shiga cikinsu.

Na san abin da ya sa silaf yake ruɗar matasa yanzu, kuma ba laifinku ba ne. Waya ce. Lasifikar waya ba ta iya fitar da sautin da ke ƙasa sosai. In mutum ya kaɗa layi mai daɗi da yatsu ka saurara a waya, rabin abin ya ɓace, sai ka ga hannu na motsi ba ka jin komai. Silaf kuwa kaifinsa yana fitowa tsaf, ga hannu yana tsalle, ga shi a daƙiƙa talatin an burge ka. TikTok ta dace da shi kamar an auna. Amma mai kaɗawa shi kaɗai a ɗaki yana kallon kyamara daban, mai riƙe mutum bakwai a filin biki na awa huɗu daban. Ana yi wa rogo kallon kitse.

Yanzu ga abin da nake so ka yi da hannunka. Ka dasa babban yatsa a kan fikof, ɗan abin nan da ke ƙarƙashin tsirkiyu mai ɗaukar sauti, ka riƙa kaɗawa da manuni da na tsakiya bi da bi, kowane yatsa in ya ja tsirkiya ya je ya kwanta a kan ta samanta. Kada ka finciko sama, jawowa za ka yi ta ratsa. Ka saurara da kyau har sai ka kasa bambance bugun manuni da na ɗan'uwansa. Sannan ka yi yawo da hannun: kusa da gadar da tsirkiyu suka ɗaure sauti yana tsukewa ya yi ƙarfi, kusa da wuya yana faɗi ya yi taushi. Jita ɗaya, murya uku ko huɗu, ba ka taɓa maɓalli ko ɗaya ba.

Abin da ya fi wannan duka, wanda ba a yin bidiyonsa don ba ya burge kowa, shi ne kashe sauti. Bes tana da tsirkiya huɗu, kana kaɗa ɗaya, sauran ukun suna so su yi gunaguni. Aikinka ka hana su, da yatsun hagu da ba sa aiki, da babban yatsan dama. Kuma ka san inda kowane sauti zai mutu, ba inda zai fara kaɗai ba. Tsawon sauti shi ke sa mutane rawa ko su zauna. Ka ɗauki layi ɗaya mai sauti huɗu, ka kaɗa shi da dogon numfashi, ka sake kaɗa shi a gajarce, za ka ji kamar waƙa biyu ce. Masu bes ɗin Fela Kuti sukan riƙe ɗan gajeren layi ɗaya fiye da minti goma ba su kauce ba, kuma a kansa duk ginin yake tsaye. Ka gwada riƙe layi ɗaya minti goma da metironom na waya, manhajar nan mai ƙirga taku, ba ƙari ba ragi, ka ga ko abu ne mai sauƙi. Wanda bai iya kashe sauti da yatsu ba, in ya shiga silaf abin ya ninka, domin dukan babban yatsa yana tayar da duk tsirkiyun gaba ɗaya.

Akwai wani salo na huɗu da ba ka ambata ba, kuma shi na fi amfani da shi a waƙoƙinmu. Ka kwantar da gefen tafin hannunka a kan tsirkiyu dab da gada, ka riƙa kaɗawa da tsokar babban yatsa a hankali. Sautin yana fita gajere, mai kauri, "dum, dum", kusan irin na tulun da ake bugawa da tafi. Yana zama ƙarƙashin kalangu lafiya lau, ba ya taɓa muryar mawaƙi. In aka ce in raka mai gurmi ko mai molo, nan nake komawa. Ka je ka zauna kusa da irin waɗannan makaɗa ka kalli hannunsu na dama, za ka ga babban yatsa da manuni suna raba aiki tun kafin a ƙera bes ɗin Fender ta farko a 1951.

Fik kuwa ba abin kunya ba ne, duk da masu bes suna yi masa kallon raini. Mai garaya da abin kaɗawa yake kiɗa, haka marigayi Ɗanmaraya Jos ya yi da kuntiginsa, wa ya ce ba su iya ba? Fik yana ba da bugu mai tsabta, daidai wa daida, yana kuma taimako in amfilifayarka ƙarama ce. Ka ajiye ɗaya a aljihu. Ba ni da abin cewa a kansa fiye da haka.

In lokacin silaf ya yi, ka san yana da tsada, kuma wannan ma ba a faɗa muku. Yana son sababbin tsirkiyu masu kaushi, irin waɗanda kamfanin Rotosound ya yaɗa a shekarun 1960, don ƙarar ƙarfen ita ce daɗinsa. A zafin bazara na Gusau, ga gumi ga ƙura, sabuwar tsirkiya tana dushewa cikin 'yan makonni, sabon saiti kuma sai ka aika Kano ko Kaduna ko Legas. Mai yatsu zai shekara da tsirkiyarsa, tsufanta ma wani daɗi ne. Dabarar da muke yi ita ce a kwance su a tafasa a ruwa kamar minti goma, a shanya su bushe sarai, a mayar. Suna farfaɗowa na ɗan lokaci, amma bayan sau biyu ko uku sai haƙuri. Ka riƙa goge su da ƙyalle duk ka gama kiɗa, ka wanke hannu kafin ka fara.

Silaf yana kuma son tsirkiyu su kwanta kusa da wuya, kamar milimita biyu zuwa biyu da rabi a kan ƙarfe na 12. Jitocin hannu da ke zuwa mana yawanci tsirkiyunsu a sama suke kamar igiyar shanya. Ga hunturu yana busar da katako, wuya ya motsa, bakin ƙarafa ya fito yana yankar hannu, damina ta zo ya sake komawa. Akwai sandar ƙarfe a cikin wuyan da ake ɗaurewa ko a sassauta don gyara wannan. Kada ka juya ta fiye da kwata ɗaya a lokaci guda, kuma in ta yi tauri ka tsaya, kada ka tilasta. Na taɓa karya ta wata jita da ƙarfin tsiya, har yau tana rataye a ɗakina.

Sai lasifika. Bugun silaf yana fita da ƙarfi farat ɗaya, ninkin na yatsu. In aka haɗa ka kai tsaye da kayan sautin haya na biki, ga janareta yana hawa yana sauka, ko dai sautin ya fashe ko mai kayan ya rage ka har a daina jin ka. Maganinsa kwamfuresa, na'urar da ke danne bugun da ya yi yawa ta ɗago wanda ya yi ƙasa. Ka kuma yi hattara da shawarar da za ka ji ta cewa ka ƙara sautin ƙasa da na sama a amfilifaya ka kwashe na tsakiya. A ɗaki kai kaɗai tana da daɗi. Cikin taron kiɗa kuwa tsakiyar nan ita ce ke sa a san wane sauti kake kaɗawa, in ka kwashe ta sai a ji gurnani da ƙyas-ƙyas kawai. In jitarka mai batir ce, irin tsarin da Music Man StingRay ta shahara da shi tun 1976, ka riƙa zare waya in ka gama, don batirin mai bolt 9 yana ci muddin tana soke.

Yadda ake bugun silaf ɗin kansa ba wuya a faɗa. Gefen gaɓar babban yatsa, wurin ƙashi, shi ke dukan tsirkiya daidai ƙarshen wuya. Motsin daga juyawar hannu yake zuwa, kamar kana murɗa makulli, ba daga kafaɗa ba. Yatsan ya taɓa ya tashi nan take kamar ka taɓa tukunya mai zafi, in ya zauna sautin ya mutu. Manuni kuma ya shiga ƙarƙashin D ko G kaɗan, ya ɗaga ya saki. Ba ƙarfi ake sawa ba. In ka ga ƙulli ya fito maka ko wuyan hannu yana zafi, dukan ya yi yawa, ka sassauta. Ka fara da babban yatsa shi kaɗai na wata guda, a hankali, har bugunka a kan A ya daina tayar da E.

Ina silaf yake da amfani a wurinmu? A waƙoƙin coci masu sauri, inda mai ganguna ya bar fili. A situdiyo in mai waƙa yana son ƙamshin fonk ko hip-hop. A wurin biki lokacin da mawaƙi ya yi shiru ana canjin waƙa, ko in an ba ka daƙiƙa ashirin ka nuna kanka, jama'a kuwa suna son wannan, har liƙi ana yi. Da kuma ranar da mai ganga bai zo ba, ranar ka koma Larry Graham da hujja. Bakithi Kumalo na Afirka ta Kudu ya yi wani ɗan gajeren silaf a faifan Paul Simon na 1986 wanda duniya ba ta manta ba, tsawonsa 'yan daƙiƙu ne, rabinsa na biyu ma na'ura ce ta juya na farkon baya.

Tunda ka ce kana shiga situdiyo, ga wani abu da ya shafi abincinka. Ka san yawancin waƙoƙin Hausa na zamani da fiyano ake yi musu bes, ba da jita ba. A jerin muryoyin General MIDI da ke cikin kusan kowace fiyano ta Yamaha, lamba 34 bes ta yatsu ce, 35 ta fik, 37 da 38 kuma silaf ne. Wato mai fiyano yana da silaf har kala biyu a ƙarƙashin yatsansa, kyauta, ba ya gajiya, ba ya neman kuɗin mota. Abin da zai sa mai situdiyo ya biya ka shi ne abin da fiyanon ba ta iyawa da kyau: zamewa daga sauti zuwa sauti, ɗan jinkirin da ke sa kiɗa ya yi rangaji, sautin da ya mutu daidai inda mawaƙi zai ja numfashi. Waɗannan duk a yatsu suke.

In kana da awa ɗaya a rana, ka ba yatsu da kashe sauti minti 40, ka ba bin waƙoƙi da kunne minti 20, har shekara ta zagayo. Bayan nan ka yanki minti 15 ka ba silaf. Kafin lokacin, ka nemi wani mai kalangu a Gusau, ka gaishe shi da ɗan goro, ka roƙe shi ya bar ka ka zauna kusa da shi da jitarka ba tare da amfilifaya ba. Ka ɗauki abin da kuka yi a waya ka turo mini in ji.